Canjaras ɗin da Kawu ya sa na karɓa

Mu huɗu muka wakilci Daura a gasar ces (darar nan mai sarki da sarauniya) ta ƙungiyoyi da aka yi a zauren wata makaranta a cikin gari. Kawuna, wanda ya koya mini wasan tun ina ƙarami, shi ne kyaftin ɗinmu. Ba ya bugawa, zagaya tebura kawai yake yi, hannuwansa a baya.

A zagayen ƙarshe muka haɗu da 'yan Kano. Ni na faɗa hannun wani likita, wanda makinsa a jerin 'yan wasa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ban taɓa cin mai irin makinsa ba. Ran nan kuwa ya yi sakaci, na cinye masa doki a banza. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce a hankali, "Mu yi canjaras?"

Doka ta yarda a tambayi kyaftin, don haka na tashi na same shi.

"Kawu, na riƙe shi fa. Ba shi da mafita."

"Lokacinka a agogon wasa ya kusa ƙarewa. Mun ci ɗaya, an ci mu ɗaya, mutumin Mai'adua kuma ya kusa gama nasa. Karɓi."

"Kawu, don Allah."

"Na ce ka karɓa."

Na koma na miƙa wa likitan hannu. Yadda ya yi saurin cafke shi ya fi komai ƙona mini rai.

Mutumin Mai'adua dillalin shanu ne, ɗan wasanmu na tebur na huɗu, kuma da gaske wasan yana hannunsa. Sai gaggawa ta sa ya taɓa sarauniya, alhali sarki ya kamata ya gusar. A dokar wasan kuwa, abin da ka taɓa shi za ka motsa. Muna tsaye a kansa wasan ya rushe. Da na ci nawa, da mun tashi biyu da biyu, kuma hakan ya ishe mu ɗaukar kofin, tunda mu ke kan gaba a maki.

Ni na goya Kawu a babur zuwa gida. Duk hanya zancen tsadar gero yake yi mini, ina amsawa da ƙyar.

Washegari na jera masa allon a ƙofar gidansa kamar yadda muka bar wasan, na nuna masa yadda zan gama da likitan. Ya bi da ido har ƙarshe.

"Da ka ci kam," in ji shi. Ya tashi ya shiga ciki yin alwala, ya bar ni ina kwashe kayan wasan.