Yatsun Malama Rifkatu

'Yan ajinmu, ba za ku yarda da wadda na gani yau ba!

Na raka Yaya Bulus kasuwa sayen sifika. Yana da wata 'yar na'ura da yake haɗawa da jitarsa, ita ke sauya mata murya. Ranar Lahadi mawaƙan cocinmu za su gwada shi. In sautinsa bai fita ba, wani za su ɗauka.

Mai shago ya jawo wata ƙatuwa. "Ɗauki wannan, har garin Kona za a ji ka!"

Yaya ya jona jitarsa ya kaɗa. Gilashin shago na rawa, amma jitar kamar daga rijiya take magana. Gumi ya karyo masa.

Sai na ji murya a bayana: "Miƙo nan, yaro."

Malama Rifkatu! Ta lissafi! Na laɓe bayan firji.

Ta ajiye ledar tattasanta, ta rataya jitar, ta sa aka jona wata ƙaramar sifika. Jama'a! Yatsunta kamar ba sa taɓa wayoyin jitar! Kowane sauti yana fita tar. Har mai rake ya tsaya.

Ta ce, "Na'urarka ta gama gyara sauti. Waccan ƙara masa kauri take yi, wannan kuwa yadda aka ba ta take faɗa."

Yaya ya rungume ƙaramar, yana ta "Na gode, Mama!"

Kun tuna kantar da na ce na gani a yatsunta na hagu? Ashe ba ta alli ba ce!