Dattijon da ke yi wa waya jarrabawa

Ranar kasuwar Ɗambatta, wani dattijo yana tsugune a rumfar maganin feshi, hularsa ta koɗe, gilashin idonsa ɗaure da zare. Daga kaushin hannunsa, ina jin ya haura shekara hamsin yana noma.

Mai rumfar, Malam Fa'izu, yana da manhaja a wayarsa wadda ke duba hoton ganye ta faɗi cutarsa. Dattijon ya zaro ganyen dawa daga aljihun dama.

"Tambayi malamar taku," ya ce yana nuna wayar.

Wayar ta ce tsutsa ce. Ya gyaɗa kai, ya miƙa wani. Ta ce ƙarancin taki ne.

"Lallai ta yi karatu," in ji shi.

"Haba Baba, ashe ka sani kake ba mu wahala?" in ji Malam Fa'izu.

"Yaro, ko ɗan ƙwadago sai na ga yadda yake riƙe fartanya kafin in sakar masa gona."

Sai murmushin ya ɗauke. A hankali ya fito da ganyen wake daga aljihun hagu, duk ya ƙanƙance.

"Wannan kam ban san shi ba, kuma ya cinye mini rabin gona. Ce mata ta duba a tsanake."