Fasa-Bango Ya Gamu da Likita

Shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran famfo, bai taɓa shiga gida ya bar bango lafiya ba. Ko ɗigo ɗaya aka nuna masa, guduma zai fara rarumowa. Har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Fasa-Bango. A cewarsa, bututun da ido bai gani ba, ba a gyara shi ba. Kicin ɗin matarsa ma ya daɗe da rami a bango, wai don ya riƙa leƙa bututu.

Sai ga gogan naka a asibiti, likita tana nuna masa hoton ƙirjinsa. Babbar jijiyar da jini ke bi in ya fito daga zuciya ta kumbura, tana iya fashewa kowane lokaci.

"To, ku buɗe mana," in ji shi.

"Baba, huhunka ba zai ɗauki buɗe ƙirji ba," likita ta ce. "Ta jijiyar cinya za mu bi da siririyar waya, mu kai sabon bututu cikin tsohon."

"Ta cinya? 'Yata, wa ya koya miki aiki? Yoyo yana bene, kina tonon tsakar gida!"

Ya kai hannu zai ɗauki hularsa. Shi dai ba za a yi masa aikin lalube ba, gara ya koma gida da kumburinsa. Matarsa, da ke zaune a gefensa, ta dafe hular.

"Malam, duk bangon da ka fasa, an samu mai toshewa. Kai in aka fasa ka, wa zai mayar min da kai?"

Bai taɓa ganin ta tsorata haka ba, sai shi ma tsoro ya kama shi. Ya zauna, amma da sharaɗi: in an gama, a saki ruwa ya gani da idonsa, yadda yake wa kowane aiki.

Likita ta cika alkawari. Kwana biyu bayan aikin ta kunna masa hoton, jini yana wucewa sumul, ko ɗigo babu. Sau uku yana sa a maimaita, yana neman aibu bai samu ba, har haushi ya ji.

Da ya murmure, ya kwaɓa siminti ya hau toshe ramin kicin.

"Ta ina za ka riƙa leƙawa?" matarsa ta tambaya.

"Bar shi a rufe," ya ce, yana ta shafe bai ɗago ba. "Ni ma a rufe aka dawo miki da ni."