Igiyar Birgi a Hannun Yayana

Mu mutanen dutse ne. Ba mu fartanya ka nuna mana gangare, ka dawo ka tarar da dawa. Amma ruwan da ya wuce gwiwa ba namu ba ne. Dam ɗin da ke bayan garinmu, kusa da Zuru, baƙi ne ke cin moriyarsa, masunta daga wajen Yawuri. Mu iyakarmu mu tsaya a baki mu taya karfasa.

Yayana ne ya ce wannan abin kunya ne. Kofur ne, bai daɗe da ajiye kaki ba a farkon shekarun dubu biyu, kuma zaman gida ya ishe shi. Ya ƙulla abota da wani dattijon masunci, ya koyi jefa birgi a kan tudu, ragar nan mai dalma a baki da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai. Ni ina koyarwa a firamare, an ba mu hutun damina, sai ya ce ni zan tuƙa masa kwalekwale. Na ce ban iya iyo ba. Ya ce shi ma bai iya ba, ai ba wanka za mu ba. Na so in ƙi, to amma a gidanmu ƙane ba ya yi wa wa gardama sau biyu.

Ranar wata Asabar ce, da la'asar. Watan Agusta dam ya cika ya batse, ruwan ya yi ja saboda laka, ka sa hannu ba ka ganin yatsunka. Dattijon ya ara mana jirginsa, ya ce mu tsaya kusa da gaɓa, kada mu nufi gabas, akwai itatuwan ɗorawa da ruwa ya cinye tun lokacin da aka tare rafin. Sai idonsa ya kai kan hannun Yaya. Masunta sako-sako suke zura igiyar birgi a wuyan hannu. Shi kuwa ya naɗe ta sau uku, ya ƙulle tamau.

"Kofur, kwance ta," in ji dattijon. "Ruwa ba bariki na ba. In taj ja ka, sake mata za ka yi."

Yaya ya yi dariya, ya ce soja ba ya rabuwa da makaminsa, shekara goma sha biyar bai taɓa yar da ko harsashi ba, balle ragar aro.

Jifa biyu, tarwaɗa uku. Nan da nan ya fara jin kansa sarkin ruwa, yana ta ce mini gaba, gaba. Ina tuƙi, ina kallon hadari yana haɗuwa a kan duwatsun Dabai. Na nuna masa. Ya ce jifa ɗaya tak mu koma. Ban lura mun yi gabas ba sai da na ga wani busasshen reshe ya leƙo a gefenmu.

Ya jefa, ya ja, raga ta ƙi zuwa. Ya sake ja, shiru. A daidai nan iska ta iso. Ta juya hancin jirgin, ta tura mu baya, igiya ta miƙe. Yana ƙoƙarin kwance ƙullin da haƙori, amma jiƙaƙƙiyar igiya ce, ta riga ta ci fata. Kafin in buɗe baki ya faɗa ruwa.

Ya ɓullo, hannu ɗaya igiya na jan sa ƙasa, ɗayan ya damƙi gefen jirgin. Ƙato ne. Jirgin ya karkata, ruwa ya fara kwararowa, ya rufe mini ƙafa, ya kai ƙwauri. Tsoron da na ji ban taɓa jin irinsa ba, ko addu'a ta kasa zuwa bakina. Abu ɗaya kawai ke kaina, jirgin nan zai kife, ni ma zan tafi. Sai ga shi na ɗaga filafilin da nake tuƙi da shi sama da hannu biyu, na saita yatsunsa.

Ban buga ba. Amma ban sani ba ko da zan buga, kuma har gobe ban sani ba. Ya ɗago kai, ruwa na dukan fuskarsa, ya dubi filafilin, ya dube ni. Sai ya buɗe hannunsa da kansa, ruwa ya rufe shi.

Ashe dattijon bai yarda da mu ba, tun da ya ga hadari ya biyo bayanmu a wani jirgin. Ya yi nutso da wuƙa a baki, ya yanke igiyar, ya fito da shi ta wuyan riga. A gaɓa aka danna masa ciki ya yi ta aman jan ruwa. Ni ina tsugune gefe ruwan sama na dukana, na kasa matsawa kusa da shi.

Muka taka zuwa gida. Labari ya riga mu isa. Mama na tsaye a ƙofa, ta kama hannunsa da ya kumbura tana kuka, tana tambayar yadda aka yi bai nutse ba kafin taimako ya zo. Na sunkuyar da kai ina jiran ya faɗa.

"Ƙanena ne ya riƙe ni, Mama," in ji shi.

Ta rungume ni tana sa mini albarka. Washegari a coci ta tashi gaban jama'a ta yi godiya ga Allah da ya ba ta ɗa mai zuciya, aka yi ta juyowa ana kallona. Yaya yana zaune kusa da ni a benci, shi ma ya tafa da hannunsa mai lafiya a kan cinya.