Sunan Mai Gidanta

Takalmansa na fara gani, a hannunta. Wata tsohuwa ce ta shigo asibitinmu da ke Sabon Gari ranar wata Juma'a da hantsi, ta rungume takalman roba na maza, a bayanta ɗan adaidaita da mai gadi suna ɗauke da wani dattijo yana nishi, mararsa ta kumbura.

Lokacin ina teburin inshorar lafiya. Aikina shi ne in nemo sunan mara lafiya a kwamfuta, in shigar da lambar kowane abu da za a yi masa amfani da shi. Robar fitsari da lambarta, jakar da fitsarin ke taruwa da tata, kayan sakawa da tasu. Sai lambobin sun shiga mai sito yake sakin kaya. In babu aiki kuwa, ina da littafin soyayya a cikin durowa, ina can duniyar da masoya ke kiran juna da sunaye masu zaƙi har a gaban jama'a.

Nas ɗin maza ya leƙo. "Fitsari ne ya riƙe shi tun jiya. Yi maza ki ba ni roba da jaka."

Na juya wajen tsohuwar. "Inna, sannu. Ina katinsa?"

"Yana gida, 'yar nan, a Darki. Da shi da wayar duk suna aljihun ɗaya rigar." Ba su zo da kuɗin saye ba, kuma ranar kasuwa ce, motocin shanu sun cushe hanya. Kafin a je a dawo sai abin da Allah ya yi.

"Ba komai, zan nemo shi. Mene ne sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam."

"Malam wa?"

"Mai gidan dai."

A nan na gane. Irin matan da ne, tunda aka kai ta ɗakinsa bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Na aika a tambayi dattijon, nas ya dawo ya ce sambatu kawai yake yi, awaki yake kora daga gona. Na ruga wajen mai sito.

"Don Allah ka ba nas kayan, in ya so na cike lambobin daga baya."

"Ke 'yar littafi, kwamfutar nan ba ta san soyayya ba. Ba lamba, ba kaya. So kike a kore ni?"

Na dawo na durƙusa a gabanta. Na ce zan riƙa jero sunaye, in na zo kan nasa ta gyaɗa kai. Na jero na annabawa, na shiga na sahabbai, tana girgiza kai, hawaye na zuba a kan takalman. Daga ɗakin maza muka ji dattijon ya ƙwalla ƙara, sannan ya yi shiru. Shirun ya fi ƙarar tayar mini da hankali.

"Inna, ƙodarsa ce za ta lalace. Ni kaɗai zan ji, wallahi."

Ta dubi ƙofar ɗakin, ta dubi mai gadi har sai da ya kau da kai. Ta jawo mayafinta ta lulluɓe mu duka biyu, ta kawo baki saitin kunnena. Sau ɗaya ta faɗa, da na mahaifinsa. Sai ta ce, "Allah ya yafe mini," ta rufe fuska.

Na koma kan kwamfuta na buga sunan. Ga shi nan, Darki. Na shigar da lambobin, mai sito ya miƙo kaya, nas ya fizga da gudu. Ba a jima ba ya leƙo ya ce jaka ta fara cika. Ranar ban iya buɗe littafina ba.

Dattijon ya rayu da robar, duk wata suna zuwa canji, har Allah ya karɓi abinsa da wata damina. Ita kuwa tana nan Darki. Bara wata mata daga can Darki ta zo da mijinta, na fara yi mata bayanin yadda ake zubar da jaka da wanke wurin, ta ce ai ta iya, akwai wata tsohuwa a garinsu da ke bi gida gida tana koya wa matan da aka saka wa mazajensu roba.