Ranar Ruwan Lawali a Abalesa

Daga Agadas

Mun bar Agadas kafin kiran assalatu, a kamyon wani direba mai suna Bubakar, ni a gaba saboda na biya kuɗin mutum biyu. Ba son girma ya sa ni ba. Duk wanda ya san ni a kasuwar Damagaram ya san Allah ya hore mini tumbi, kuma kujerar mutum ɗaya ba ta taɓa isata ba.

Bubakar ɗin ne ya kawo mini saƙon da ya tayar da ni. Ƙanena Lawali ya rasu bara a Abalesa, yamma da Tamanrasat, ya bar matarsa Hadijata da ƴan mata biyu ƙanana da garkar dabino. Saƙon ya ce ambaliya ta cike hanyar ruwan garin da yashi, kuma in namiji daga gidanmu bai bayyana ba, za a raba ranar ruwan Lawali ga wasu. Ban gane yadda mutum ke mallakar rana ba, amma na san dabino ba ya rayuwa babu ruwa. Na ɗauki babbar riga da shayi da sukari, don a sanina babu maganar da waɗannan ba su gyarawa.

A iyaka wani ɗan dowan, wato ma'aikacin kwastan, ya zagaye ni, ya sa yatsa ya danna cikina, ya ce Bubakar ya tambaye ni mi na ɓoye.

Na ce, "Gaya masa tuwo ne, kuma an riga an biya kuɗinsa a gida."

Ya yi dariya har ya manta da buhun sukarin.

Tamanrasat

Na sauka a unguwar Tahaggart wajen Malam Issufu, mutumin Maraɗi mai shagon yadi. Ya ba ni burodin da ake gasawa cikin yashi, da miyar da ta fi kama da ruwan wanke tukunya. Na ci na gode.

Da safe na saka babbar riga na tafi buro, ofishin hukuma, neman iznin ruwa. Ma'aikacin ya saurare ni da kyau, ya karɓi ƙunshin shayi, sannan ya ce ruwan Abalesa bai taɓa shigowa buron nan ba, dattawan garkoki ke raba abinsu tun kafin a haifi kakansa. Shayin dai bai dawo ba.

Abalesa

Tafiyar rabin yini ce a bayan kamyon hatsi. Hadijata ta tare ni, Buzuwa ce mai jin Hausa, ta kai ni garkar. Ganyen dabinon sun fara rawaya, alkamar da aka shuka a ƙarƙashinsu kuwa ta riga ta kwanta. Lawali ne ya dasa su da hannunsa, kuma a nan ne na yi kukan da ban yi a Damagaram ba.

Ta nuna mini yadda abin yake. A cikin kwari akwai rijiyoyi a jere, an haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa, ruwa na bin wannan hanya ya taru a ɗan tafki. Kowane gida na da ranar da zai buɗe tafkin ya shayar da garkarsa. Amma in hanyar ta cike, kowane gida sai ya ba da namiji a yi yasa. Wanda bai yi ba, ranarsa ta tafi.

Babban dattijonsu, Baba Ammud, siriri ne kamar sandar da yake riƙe. Na ajiye masa sukari, na ce zan ɗauki ɗan ƙwadago.

Ya ce, "Ɗan Damagaram, ina ka gan shi? Samari duk sun tahi aikin Faransawa can arewa. Mu ba mu son sukari, baya muke so. Tuɓe rigar."

Na tuɓe. Aka ɗaura mini igiya a ƙugu, aka zura ni a rijiya ta farko. Ƙafafuna sun shiga lafiya. Tumbin ne ya ce shi a nan zai tsaya. Na maƙale, rabina a duniya rabina a lahira, ba sama ba ƙasa. Mutumin da ke aiki a ƙarƙashina ya fara ihu da Buzanci, wai na toshe masa haske da iska.

Baba Ammud bai yi gaggawa ba. Ya tsuguna kusa da kaina, shi da dattawa suka shiga muhawara ko maƙalewa aiki ce. Wani ya ce ai jikina ya taɓa ƙasar rijiya. Wani ya ce ko akuya ta faɗa tana taɓawa. Sai da suka gama, suka yarda ba aiki ba ce, sannan mutum huɗu suka fizgo ni.

Na zauna a yashi, cikina duk ya ƙuje, ina kallon Hadijata ta juya baya don kada in ga fuskarta. Kunya da tsoro suka kama ni, don na ga ranar ta tafi.

Can Baba Ammud ya dubi jakin da ke jan kwandon yashi daga rijiya, wanda ke ɗingishi tun safe, ya dubi ni. Ya daɗe yana kwatantawa.

Ya ce, "Jakin nan ya gaji. Kai kuwa ka fi shi nauyi."

Haka aka yi. Aka kwance jakin, aka ɗaura mini igiyar. In na ƙasa ya cika kwando ya girgiza igiya, sai in jingina gaba in yi tafiyata, kwandon ya hau. Wallahi ko ƙarfi ban sa ba, tumbin ke aikin. Jakin na inuwa yana cin harawa yana kallona. Mako guda na yi a wannan muƙami, har wasu gidaje suka fara roƙon a ara musu ni.

Ranar da ruwa ya sauko, aka fara zagaye, har aka zo kan ranar Lawali. Hadijata ta ce, "Yaya, kai za ka buɗe." Na cire toshin tafkin, ruwa ya bi ƴar hanyarsa a hankali har gindin dabinon farko. Ƴan matan suka bi shi da gudu.

Da zan tafi, Baba Ammud ya riƙe hannuna ya ce, "Kwarin nan yakan yi ambaliya. Kada ka rame."

Gida

Na koma ta Tamanrasat da Agadas, ɗan dowan ya sake danna cikina ya ce kayan sun ragu. Na iso Damagaram da la'asar, lafiya lau. Ina godiya ga Allah, da Bubakar, da Malam Issufu, da jakin da ya bar mini wurinsa ba gardama.

Uwargidana ta daɗe tana mitar yawan cina. Da ta ga shatar igiya a ƙuguna, na ba ta labari duka. Da aka kawo tuwo, sai na ga ta ƙara malmala ɗaya a kwanona, ta tura mini.

Ta ce, "Ci. Wannan ta ƴaƴan Lawali ce."