Ranar da Na Kalli Alhaji Mudi Cikin Ido

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na gama firamare, aka kira mu rumfar Alhaji Mudi a kasuwar Head Bridge ta Onitsha, ni da Sale, wani ɗan ajinmu. Ruwa ya ɗauke, ƙasa duk caɓi, warin ruɓaɓɓiyar albasa ya cika wurin, 'yan dako suna ta sauke buhuna daga motar da ta iso daga Arewa. Alhaji Mudi shi ne babban dillalin albasa cikin Hausawan Onitsha, kuma ya yi alkawarin ɗaukar nauyin yaro ɗaya zuwa sakandare. Babana ɗan dako ne. In ba ni aka ɗauka ba, karatu ya ƙare.

Dattawanmu ba su yarda da sakamakon makaranta ba, suna da nasu awon. Tun muna ƙanana ake sa mana ido. In an sa ka tsintar albasa, ana duba ko kana cusa ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu. In an ajiye kwano, ana lura da wanda ya fara kai hannu kan nama. In an aike ka tashar mota ta Upper Iweka, akwai wanda zai kawo labari ko ka tsaya kallon faɗan 'yan kamasho. Ko ƙwallon roba muke bugawa a bayan shaguna, sai ka ji daga baya an ce wane son kansa ya yi yawa. Ba mai gaya maka ana auna ka. Sai dai ka waiga ka ga wani tsoho da carbi yana kallonka, ka rasa me ya gani.

Ni a Onitsha aka haife ni. Malamar ajinmu, wata 'yar Ibo da muke kira Madam, ta tsani yaro ya sunkuyar da kai. A wurinta wanda ba ya kallon ido maƙaryaci ne. “Look me for face!” take cewa, da rula a bayan hannu. Shekaru ta yi tana ɗaga mini kai har na saba. Sale kuwa bai daɗe da zuwa daga ƙauye ba, rular Madam ba ta gama aiki a kansa ba.

Da Alhaji ya tambaye ni abin da nake son zama, sai na ɗago, na dube shi tsakiyar ido, na ba shi amsa da ƙarfi. Wallahi a zatona gaskiyata nake nuna masa. Babana yana tsugune a gefe, ya yi gyaran murya, ban gane ba. Sale kuwa idonsa na kan silifas ɗinsa, da ƙyar ake jin muryarsa. Alhaji ya juya ga babana ya ce, “Malam Audu, yaron nan naka akwai kai, amma idonsa a tsaye yake. Ba zai ji magana ba.” Shi ke nan, an gama da ni.

Babana bai dake ni ba. A hanya ya ce, “Wa ya koya maka zare wa manya ido?” Na ce a makaranta ne. Ya ce, “To, ta ishe ka haka.” Ranar Litinin ya naɗa mini gammo.

Ban ce Sale mugu ne ba. Shi aka ɗauka, yanzu yana aikin ofis a Enugu, muna gaisawa in an haɗu. Amma kada wani ya ce mini halinsa aka gani ranar nan.

Kwanan baya makarantar ɗana Nura ta kira iyaye, wai wasu sun zo za su yi wa yara tambayoyi su gano kyawawan halayensu, wa ke da haƙuri, wa ke da tausayi. Na je na zauna a baya ina kallonsu. Ban yarda da su ba, yadda ban yarda da Alhaji ba, amma su ko ba komai sun gaya wa yaron ana auna shi. Da babana na da rai, da na tambaye shi abin da zan ce, don kafin a shiga da Nura ya ja rigata ya ce, “Baba, yaya zan yi?” Na buɗe baki, na rasa inda zan ce ya ajiye idonsa. Har yau ni ma ban san inda zan ajiye nawa ba.